Farfesan da ya fara daga babi na tara

Akwai wani mai awon filaye da abokan aikinsa suke tsokana da suna Farfesa. A jami'a hadda ce ta fitar da shi: ya ci jarrabawar lissafi mai zurfi, amma bai fahimci komai ba. Abin ya daɗe yana cin ransa. Kullum cewa yake sai ya yi ritaya zai koma masa.

Yana yin ritayar, likita ya ce idanunsa suna mutuwa a hankali, kuma ba gyara. Abin da zai karanta ya karanta yanzu.

Ya sayo ƙaton littafin lissafin da suka yi a jami'a, ya buɗe babi na tara, inda ya maƙale tun yana saurayi.

Ƙanensa, malamin lissafi, ya leƙa ya ce, "Yaya, wannan fa ba jarida ba ce. Koma babi na farko, ka ɗauki fensir, ka yi aikin ƙarshen kowane babi."

"Ni zan koma babin yara? Kana rarrafe na wuce nan."

Haka ya shafe watanni a bakin taga, yana maimaita shafi ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya rufe littafin sai kan ya koma fayau. Ya canza tabarau, ya ƙara canzawa, girman kan dai yana nan.

Da abin ya ishe shi, ya faki ido ya koma farko. Nan ya tarar da wani layi da ya daɗe yana rerawa kamar waƙa. Ya bi shi da fensir, sai ga shi ya buɗe. Ashe duk babi na tara a kansa ya tsaya. Ya yi dariya shi kaɗai, sannan baƙin ciki ya rufe shi.

Bai gama babi na biyu ba ƙananan alamomin suka dushe masa. Ƙanen kuwa an yi masa canjin wurin aiki zuwa nesa. 'Yarsa ta zauna karanta masa.

"Baba, akwai wani abu kamar ƙugiya, da ɗan baƙi a ƙarƙashinsa."

"Wane baƙi?"

"Ban san sunansa ba."

Ya ce ta rufe.

Littafin yana nan a kan tebur. In matarsa ta zo share ƙura sai ya ce, "Kar ki cire fensirin, nan na tsaya."

Darasi: Komawa farko ba faɗuwa ba ce. Wanda ya raina tushe zai ƙarar da lokacinsa a sama, ya sauko bayan dama ta wuce. Ku tura wa wanda har yau yake cewa sai ya samu lokaci.