Muryar Aro

Akwai wani ɗan wasan fim a birnin Rum mai suna Amilcare, 'yan unguwa na ce masa Sor Amilcare, wato Malam Amilcare. Bai taɓa fitowa a jarumi ba. Shi ne dai tsohon baran gida, ko limamin cocin ƙauye, ko mai kula da tashar jirgin ƙasa da ke ɗaga tuta yayin da masoya ke rabuwa. Minti biyar yake yi a fim, amma mutane su fito daga silima suna share hawaye saboda shi.

Fuska kam Allah Ya ba shi. Murya ce dai siririya, kamar ta ɗan akuya.

A zamanin ba a damu ba, don hoto kawai ake ɗauka, daga baya a ɗora magana a wani ɗaki. Darakta zai ce, "Amilcare, ƙirga mini daga ɗaya zuwa ashirin, kamar an ce maka ɗanka ya rasu." Sai ya ƙirga, leɓensa na rawa. Shekara goma sha takwas bai haddace magana ko ɗaya ba.

Mai ɗora masa murya shi ne Settimio, mutum mai shiru-shiru, wanda yaƙi ya bar wa tabon ƙuna a rabin fuska. A wurin aiki muryarsa takan cika ɗaki, a waje kuwa da ƙyar ake jin sa. Ba a rubuta sunansa a fim. Shi kuma Amilcare, don kada asiri ya tonu, kullum yana naɗe da mayafi a wuya yana magana da raɗa, wai yana adana murya don aiki.

Su biyun a shagon wata bazawara mai suna Iolanda suke shan kofi. Settimio yakan zauna a kusurwa, ya juya mata lafiyayyen gefen fuskarsa. Kowa ya san abin da ya sa yake shan kofi sau uku a rana.

Wata rana butar ruwan zafi ta zame daga hannunta. Settimio ya manta kansa, ya ce da cikakkiyar murya, "A hankali, Iolanda!"

Ta tsaya cak. "Na san muryar nan. Ta tsohon mai tasha ce! Sau huɗu na kalli fim ɗin saboda ita. Sor Amilcare, ba taka ba ce?"

Gaban Amilcare ya faɗi, amma ya yi murmushi ya ce da raɗa, "Kwaikwayona yake yi don ya burge ki. Rigar sanyi yake riƙe mini a wurin aiki. Kai Settimio, in soyayya za ka nema, nema da kayanka, ba da nawa ba."

Shago ya ɓarke da dariya. Har Iolanda ta rufe baki tana yi. Settimio ya ɗauki hularsa ya fita, bai ƙara zuwa shagon ba. Amma washegari ya je aiki ya ɗora muryar, ba ta ragu da komai ba.

Sai talabijin ta shigo. Ita kai tsaye ake wasanta, abin da ka faɗa shi ƙasa ke ji. Aka gayyaci Amilcare ya fito a uba, kuma in ya ƙi za a tambayi dalili. Settimio ya aiko masa da 'yar takarda: "Zo in taya ka hadda." Amilcare ya karanta, kunya ta kama shi, ya jefa ta a murhu. A wurin gwaji yana duba takardar wasan yana raɗarsa, ba wanda ya iya tsawata wa babban mutum.

Ranar wasa jar fitilar kyamara ta kama, alamar an fara. Yarinyar da ta fito a 'yarsa ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yafe mini?"

Kansa ya zama fayau. Sai bakinsa ya yi abin da ya saba shekara goma sha takwas.

"Ɗaya... biyu... uku..."

Da muryar ɗan akuya, hawaye na zuba masa. Sai da ya kai sha ɗaya kafin aka kawar da kyamara. A unguwarsu shagon Iolanda ne kaɗai ke da talabijin, kuma ranar ba masaka tsinke.

Da safe mai sayar da kifi ya ƙwala masa kira daga tsallaken titi, "Sor Amilcare! Bayan sha ɗaya me ke zuwa? Tun jiya ka bar mu a rataye!"

Amilcare ya koma gida ya kulle ƙofa. Kwana tara bai leƙo ba. A na goma aka ƙwanƙwasa. Settimio ne, da burodi da cuku a hannu.

"Ka zo ka rama?" in ji Amilcare.

"Na zo ne ka ci abinci. Akwai aiki ran Litinin, kuma ba zan ɗora murya a kan kujerar da ba kowa ba."

Amilcare ya kasa haɗa ido da shi. "Ranar nan a shago, magana ɗaya za ka ƙara ka tona ni. Me ya hana ka?"

"Shekara sha takwas bakinka nake kallo, ɗan'uwa. Na san lokacin da yake rawar wasa, na san lokacin da yake rawar tsoro. Ranar nan rawar tsoro yake yi."

Wannan ta fi dariyar mai kifi zafi. Amilcare ya warware mayafin ya ajiye, ya kama hannun Settimio, bai sake shi ba sai a tsakiyar shagon Iolanda.

"Jama'a, muryata ke nan," ya ce, ba raɗa. "Ku yi dariya, kun sami dama. Wadda ta sa ku kuka ta wannan bawan Allah ce. A nan na yi masa ƙarya, a nan nake neman gafararsa."

Ba wanda ya yi dariya. Iolanda ta sunkuyar da kai, don ita ma tana da nata rabon kunyar. Ta haɗa kofi ta kai kusurwar nan da ba ta bar kowa ya zauna ba tun ranar. Settimio ya zauna, ya fara juya mata gefen da ya saba.

"A'a," ta ce. "Juyo gaba ɗaya. Ina so in ga inda muryar take fitowa."

Talabijin ba ta ƙara kiran Amilcare ba. Ya ci gaba da ɗaga tutarsa a fim har ya tsufa, amma bai sake karɓar aiki ba sai an rubuta sunan Settimio kusa da nasa.

Darasi: Kada ka wulaƙanta wanda ke rufa maka asiri don ka kare sunanka, ranar da za ka tsaya kai kaɗai tana tafe. In ka cuci wani a gaban mutane, a gaban mutane za ka wanke shi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya tuna da wanda ya tallafe shi ba a sani ba.