Zabuwar Jikin Allon Talla

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo, Malam, muna saurare.

Farkonta ya kuɓuce mini. Ban tuna ko sabulu ake talla ko man shafawa ba. Abin da na riƙe shi ne, Dila mai ɗaukar hoto ya ɗauki Zabuwa hoto, ya sa hoton a na'urarsa, ya goge ɗigo-ɗigon jikinta kaf, ya mayar da ita fara sol. Aka manna hoton a allon talla, aka kafa shi a bakin kasuwa.

Zabuwa ta ce, "Malam Dila, wannan ai ba ni ba ce."

Ya ce, "Haba Hajiya, ke ce mana. Ɗan gyara kawai na yi."

Da ta ji ana ta yaba hoton, sai ta bar maganar.

Ranar kasuwa 'yarta ta daɗe tsaye gaban allon. Da yamma uwar ta tarar da ita a bayan rumbu, tana tsige gashin wuyanta da farce, har jini na fita.

"Ke! Me kike yi wa kanki?"

"Inna, so nake farin gashi ya fito mini, irin na ta allo."

"Ni ce ta allon, 'yar nan! Wallahi ni ce."

Yarinyar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Inna, bar zolayata. Ina ke ina ita?"

Ta ci gaba da tsiga.

Ƙurunƙus, kan ɓera ne ba nawa ba. Amma bara, a gidan ƙanena, na kama wata zabuwa na duba da idona. Saman wuyan nan babu gashi.