Ƙyauren da Aka Kankare

Akwai wani mutum da ya gina sabon gida a gari. A ƙauyensu kuwa ɗakin marigayi ubansa ya rushe da damina, ba abin da ya tsira sai tsohon ƙyaure na itacen ƙirya.

To, uban nan yana da wata al'ada. Duk sa'ad da aka haifa masa ɗa ko 'ya, yakan ɗauki wuƙa ya yi tsaga ɗaya a jikin ƙyauren. In yaron ya rasu, sai ya gitta wata tsaga a kan ta farko. Uwar mutumin ta tsufa, idonta ya tafi, amma kowace safiya takan shafa tsagogin nan da yatsa tana yi wa 'ya'yanta addu'a ɗaya bayan ɗaya. Da ɗanta ya ce za ta koma gari wurinsa bayan girbi, abu ɗaya ta roƙa.

"Ka tafi da ƙyauren nan, ka rataye mini shi inda hannuna zai kai."

Mutumin ya kawo shi gida, ya wanke, ya shafa masa man kaɗanya, ya buga ƙusa ya rataye shi a bangon falo. Ya kuwa yi kyau irin nasa, baƙi, mai kaushi, da shekarunsa a jikinsa.

Amma mutumin nan, 'yan'uwa, ba ya iya zama da abu yadda yake. In ka ce masa hularsa ta karkace, ranar ba zai ci tuwo da daɗi ba. Maƙwabcinsa ya shigo ya ce, "Da ka ɗan rage masa kaushin nan a gefe." Tun baƙon bai kai ƙofa ba ya sauke ƙyauren, ya ɗauko gizago. Wani abokin aikinsa ya zo ya ce, "Gefen ya yi sumul, amma ƙasan fa?" Ya sake saukewa. Ya zauna ya tashi, ya matsa baya ya duba, ya karkata kai, ya dawo ya ƙara sara. Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar abin nan haka mana." Ya ce, "Saura kaɗan."

Kai, saura kaɗan ɗin nan! Sati uku ƙyauren yana hawa bango yana sauka. Ya sassaƙe ko'ina sai inda tsagogin suke, don yana tune da roƙon uwarsa. Sai wurin ya tsaya baƙi ƙirin a tsakiyar farin itace. Wata baƙuwa ta dube shi ta yi dariya, ta ce, "Wannan kuma ƙonewa ya yi?"

Da ta tafi, ya sake sauke ƙyauren. Ya ce a ransa, "Ai tsaga ce kawai. In kankare, in sake yin wasu da suka fi su kyau." Ya kankare wurin tas. Sa'an nan ya ƙirga 'yan ɗakinsu da yatsa, su bakwai, ya yi tsaga bakwai a jere, tsawonsu ɗaya. Ya rataye, ya ce yanzu ne abu ya yi.

Bayan girbi aka kawo tsohuwa. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kai ta wurin ƙyauren. Ta ɗora hannu, ta bi tsagogin tana kiran sunaye. Da ta kai ta bakwai, yatsanta ya wuce ya sami itace sumul. Ta koma farko ta sake bi. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa.

"Ina Tabita da Irmiya?"

Mutumin ya ce, "Su wa, Inna?"

"Yayyenka. Kyanda ta kwashe su tun ba a haife ka ba. Ba hoto, kabarinsu ma gona ta cinye. Nan kaɗai suka rage mini."

Ya ce, "Inna, bari in ɗauko wuƙa yanzu in yi su."

Ta sauke hannunta, ta ce, "Bari, ɗana. Wanda ya yi waɗancan yana kuka ya yi su."

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙyauren nan rayuwarka ce, ɗan'uwa, da taki, 'yar'uwa. Tsagogin su ne alamun da Allah ya bari a jikinmu a hanyar da ya bi da mu: gidan talauci da ka fito, ciwon da ya tashe ka daga gare shi, rashin da ya koya maka durƙusawa. Baƙin nan kuwa bakin mutane ne, wanda ba ya ƙarewa. Mutumin bai ƙi uwarsa ba, bai kuma yi niyyar mugunta ba. Zuciyarsa ce ta kasa hutawa, kowa ya yi magana sai ya ɗauko gizago. Garin neman gira ya rasa ido.

Abin yana ba ni tausayi, don ina ganinsa a cikinmu. Wani yana jin kunyar ƙauyensu, wata ba ta son a ji yadda Ubangiji ya tsamo ta. Muna ta goge shaidarmu don mu yi sumul a idon wanda zai sha ruwa ya tafi gidansa. Kafin ka kankare wani abu, ka tsaya ka tambayi Wanda ya sa shi a wurin. Akwai tsagar da ba ka san labarinta ba tukuna, alhali wani da ita yake addu'a, kuma in ta tafi, wuƙarka ba za ta mayar da ita ba.