Ruwan da Aka Hana Kwanciya

Akwai wata baiwar Allah, autar gidansu ce, kowa Auta yake ce mata. Wata bakwai ke nan tana jinyar mahaifinta, tun ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce ba da magani. Ta gaji, jama'a, irin gajiyar nan da barci ba ya saukewa. Wani lokaci sai ta buɗe firji ta tsaya, ta rasa abin da ya kawo ta.

Amma abin da ya fi cin ranta shi ne mahaifin nata, Abba, ya saduda. Mutumin da a da ake jin takunsa tun daga bakin get, yanzu kafin ya ɗaga ƙafa ya sauke sai ka ƙosa. Ranar da ya lura jikokinsa sun tsaya suna jiran ya ƙetare falo, sai ya ce a kawo masa keken guragu, shi ya gama da tafiya.

Likitar gashin ƙashi, mai zuwa motsa masa jiki, ita ce ta kawo shawara. Ta leƙa ta taga ta hango wurin ninkaya a bayan gida, ta ce ruwa yana ɗauke nauyin jiki, ƙafar da ta ƙi takawa a ƙasa takan yarda a cikin ruwa. Da ƙyar da roƙo Abba ya ce, "Sau ɗaya, ran Asabar. In bai yiwu ba, kada wanda ya sake yi min maganar."

Auta ta san halin mahaifinta. In ya ce sau ɗaya, to sau ɗayan ne.

Matsalar ita ce shekara biyu ba wanda ya shiga tafkin. Gansakuka ta kama bango, ganye ya ruɓe a ƙasa, ruwan ya yi kore shar, ko matakalar farko ba a gani.

Sai aka haɗa ta da wani dattijo mai gyaran irin waɗannan tafkuna. 'Yan unguwa Sai-gobe suke ce masa, don duk abin da ka tambaye shi a kan ruwa amsar ke nan. Litinin ya kwashe ganye da raga. Talata ya goge bango da buroshi, ya zuba kulorin, ruwan ya bar kore ya koma fari-fari kamar na wanke-wanke. Laraba ya narka alif a bokiti, ya zagaya yana zubawa, ya bar injin tafkin ya juya ruwan awa biyu, sannan ya kashe.

Ya ce, "'Yata, daga yanzu aikin ba nawa ba ne, na ruwan ne. Alif zai tattaro daudar ya kwantar da ita ƙasa, sannan in zuƙe. Kada a kunna inji, kada a sa sanda, ko ƙafa kada a tsoma."

"Har yaushe, Baba?"

"Sai gobe mu gani."

Ran Alhamis da la'asar saman ruwan ya fara washewa, dauda ta kwanta a ƙasa luf. Dattijon ya duba ya ce saura kaɗan, gobe Juma'a zai zuƙe a tsanake. Ya samu bulo a inuwa ya zauna yana kallon ruwan.

Daidai lokacin babban wansu ya iso, Yaya Injiniya. Shi ne mai zuwa duba Abba sau ɗaya a wata, ya yi minti arba'in, ya bar umarnin da zai isa shekara. Ya zagayo bayan gida da makullin mota a hannu, ya ga inji a kashe, ya ga tsoho a zaune.

"Auta, wannan ne mai aikin? Kwana huɗu, ga datti can kwance, shi kuma yana zaman kashe wando?"

Dattijon ya miƙe. "Yallaɓai, kwanciyar tata muke so."

"Ni za ka koya wa inji? Ruwa yana tacuwa ne da inji a kashe? Haba malam!"

Auta ta buɗe baki, amma wallahi ba ta da ƙarfin gardama da Yaya a ranar. Injiniya ya shiga ɗakin inji ya danna makunni. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki dogon buroshi ya hau dirzar ƙasan tafkin da ƙarfinsa, wai yana kora dattin wajen matatar injin.

Kafin minti biyar duk abin da ya kwanta ya tashi. Ruwan ya dame, ya fi na ranar Talata muni. Aka bar injin awa guda yana ta gurnani, ko alamar washewa babu, don daudar ta yi laushin da matatar ba ta iya riƙewa. Injiniya ya ajiye buroshin, ya duba agogo, ya ce yana da taro.

Auta ta ga dattijon ya nufi jakarsa, gabanta ya faɗi. Ta ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, kada ka tafi."

"In tafi ina? Alif zan ɗauko. Zagin bai dame ni ba, 'yata, na saba. Kwana ɗaya da aka cinye mana ne ya dame ni."

Ya kashe injin, ya ƙara alif kaɗan, ya ce yanzu kam sai Asabar da safe. Juma'a ta wuce ba wanda ya taɓa komai. Auta takan leƙa ta taga tsakanin wanki da ba da magani, ta ga ruwan yana washewa kamar ba ya so.

Asabar gari na wayewa dattijon ya zo da ƙaramin injinsa mai zuƙe dauda ya watsa ta kwata. Ya sa bakin tiyo a ƙasan tafkin, ya fara ja. Jama'a, in ka ga yadda yake jan sandar tiyon sai ka rantse a tsaye take. Da ya ɗan ƙara sauri sai daudar ta yi bul ta tashi, dole ya tsaya ya jira ta sauka. Injiniya ma ya dawo, wannan karon ba umarni, ya raɓe jikin bango yana latsa waya.

Ƙarfe goma likita ta iso, rabi kawai aka gama. Ɓangaren da ba zurfi ya yi tas, ana ganin kowane tayil. Can ɓangaren zurfi kuwa dauda na nan kwance. Likita ta gwada ruwan ta ce maganinsa daidai ne, amma da zarar an shiga an motsa shi wancan dattin zai taso, ita kuma ba za ta sa marar lafiya a ciki ba. A ɗaga zuwa wani satin.

Abba yana kan keke a bakin ƙofa, duk ya ji. Ya ce, "To, an gwada. Auta, mayar da ni ciki."

Auta ta kama keken, hawaye suka zubo mata. Ta san in ta juya shi, magana ta ƙare ke nan.

Sai dattijon ya yi gyaran murya. "Likita, a ba ni izini in ce wani abu. Ba shiga ce ke tayar da dauda ba, sauri ne. Na ga takun mai gidan nan ranar da aka fito da shi shan iska, aka taka da shi daga keke zuwa kujera. Duk gidan nan shi kaɗai ne zai iya shiga ruwan nan bai dama shi ba. Shekara talatin ina koyon irin wannan tafiyar, har yau ban kai shi ba."

Abba ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "Tsaya, Auta."

Likita ta ce to, amma da ta ga ruwan ya canza za ta fitar da shi, kuma sai an samu mai ƙarfi ya riƙe shi. Ita Auta, ɗagawa ta riga ta gama da bayanta. Kowa ya juya ya kalli Injiniya. Haka ya cire takalmi da agogo, ya shiga da kayansa masu guga.

Dattijon ya ce, "Yallaɓai, ka tsaya inda ya tsaya, ka taka in ya taka. In ka riga shi, ruwan zai tona maka asiri."

Aka saukar da Abba matakala ɗaya-ɗaya har ruwa ya kai masa ƙugu. Ya ɗaga ƙafar dama ya sauke. Ta hagun ta yi gardama, ta yi rawa, sannan ta biyo. Injiniya yana riƙe da shi, gumi na tsiyaya a goshinsa duk da sanyin ruwan, ko numfashi mai ƙarfi ya kasa yi. Taku biyu. Taku huɗu. Auta ta zube a ƙasa ta toshe baki tana ƙirgawa. A taku na tara Abba ya kai hannu ya dafa bangon ɗaya gefen, ruwan kuwa garau.

Ya tsaya yana haki. Ya juyo ya ce, "Likita, Asabar mai zuwa ƙarfe nawa za ki zo?"

Darasi: Ba duk wanda ka gani zaune ne malalaci ba, wani jira yake yi, kuma jiran shi ne aikin. Kada ilimin da kake da shi ya sa ka raina mai sana'a a kan sana'arsa, domin gaggawar minti biyar tana iya rusa wahalar kwanaki, kuma ba lallai kai ne za ka sha wuyar ba. Kai kuma da kake jin kunyar tafiyarka a hankali, kada ka daina takawa. Ku tura wa mai jinyar da ta gaji, ku tura wa yayan nan naku mai yawan umarni, ko Allah zai sa ya karanta har ƙarshe.