Tabawa da Lawashin Bayan Ɗaki

Ga wata nan tafe gare ku.

Ta iso, mun matsa mata wuri.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri. Rijiyoyin wani gari suka ƙafe, sai tafki ɗaya ya rage a bayan gari. Dodo ya zo ya kwanta a bakin tafkin. Ya ce kowane gida ya kawo akuya kafin ya ɗebi ruwa. Gidan da ba akuya, ya kawo mutum.

Masu akuya suka kai akuya. Masu tunkiya suka yi roƙo, aka karɓi tunkiya.

A ƙarshen gari akwai wata yarinya, Tabawa, ita da kakarta Iya Gambo. Ba akuya, ba tunkiya, ko kaza babu. Abin da suke da shi garka ce a bayan ɗaki, faɗinta bai fi tabarma ba. Nan Tabawa ta dasa albasa mai lawashi, tana ba ta ruwan wanke-wanke. Duk baƙon da ya shigo, kafin a shimfiɗa masa tabarma sai ta ja shi ya ga garkar. Mutane suna dariya, ita ko a jikinta.

Ruwan randa ya ƙare. Iya Gambo ta ɗaura zaninta na fita, ta ce, "Tashi ki raka ni wurin Dodo. Ni na ci zamanina."

Tabawa ta ce, "Zauna, tsohuwa. Wa zai ba da ruwa a kan ƙashi da zani? Sai ya ce raini ne, ya haɗa da ni."

"Ja'ira! To me za ki kai masa?"

"Abin da na dasa."

Ta ɗauki wuƙa ta shiga garka. Ba ta tuge ko ɗaya ba. Ganyen ta yanka, ta bar gindin a ƙasa don ya sake tohowa. Ta tatse ɗan ruwan da ya kwanta a tulu, ta dafa faten tsaki. Sai da ta sauke tukunya sannan ta watsa lawashin, ta zuba man gyaɗa, ta juye a akushi ta rufe. Ta kama hanya tana waƙa:

"Lawashina kore shar,
Ni na dasa, ni na yanka,
Mai akuya ya ja akuyarsa."

Dodo ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ke yarinya, ina akuyar?"

"Babu, Baba Dodo."

"To ke ce akuyar."

"Na ji. Amma fara da wannan, kada ya huce."

Dodo ya buɗe akushi. Ƙamshi ya bugi hancinsa. Ya ci, ya suɗe, ya lashe murfin. Ya ce, "Tun da nake haɗiye akuya da gashinta, ba wanda ya taɓa gaya mini akwai wannan. Mene ne koren abin nan?"

"Lawashi ne. Nawa ne, a bayan ɗakinmu yake."

"Ɗebi ruwa. Gobe ki kawo, jibi ki kawo. Ran da babu, ke ce."

Haka aka yi ta yi. Yau ta yanki wannan layi, gobe wancan. Kafin ta kai na ƙarshe, na farko ya toho. Amma akushi ƙarami ne, cikin Dodo kuwa ba shi da iyaka. Rannan ya ce a ransa, "Don me zan jira cokali, ga gona?" Ya bi sawunta har gida. Ya taka danga, ya sa hannu ɗaya ya tuge garkar duka, ya watsa a baki.

Ɗanyar albasa ta kama shi. Ido ya kawo ruwa, hanci ya kawo ruwa. Ya tofar da gindayen saboda ƙasa, ya yi ihu, "Ba shi ba ne! An canja mini!"

Tabawa ta fito ta ga garkarta ta zama fili. Iya Gambo ta ja ta baya tana raɗa, "Gudu, 'yar nan, gudu." Ba ta gudu ba. Ta kama ƙugu.

"Baba Dodo, da girmanka? Wa ya ce maka ana tuge lawashi? Wa ya ce maka ana cinsa haka, kamar jaki a kan dusa? To ga ni, cinye ni. In ka gama, ka koma kan gashin akuyarka har ka mutu."

Dodo ya buɗe baki. Ya tuna faten. Ya rufe baki. Ya ce, "To yanzu yaya za a yi?"

Tabawa ta durƙusa ta tsince gindayen da ya tofar, kowanne da saiwarsa. Ta sake dasa su a jere. Ta ce, "Waɗannan sun ji jiki. Safe da yamma za su sha, tuluna ba zai isa ba. Kawo ruwa."

Dodo ya je tafki ya cika bakinsa, ya dawo ya fesa. Ruwan ya kwashe dashen har bakin danga. Tabawa ta ce, "Shayarwa na ce, ba ambaliya ba." Ta tsince, ta sake dasawa.

Dodo ya koma ya ɗebo a tafin hannu. Kafin ya iso, duk ya tsiyaye ta tsakanin yatsu, sai laima. Tabawa ta ce, "Wannan ko ƙadangare ba zai wanke fuska ba."

Dodo ya zauna daɓas, ya ce, "Baki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Me kike so da ni?"

"Ba ga farce Allah ya ba ka ba? Ja wa ruwan hanya, ya zo da ƙafarsa a hankali."

"Ta ina?"

"Biyo ni."

Ta shiga gaba, Dodo na biye yana kartar ƙasa da farce, ruwa na biye da Dodo. Ta bi da shi ƙofar maƙera. Ta bi da shi ƙofar masaƙa. Ta bi da shi bakin kasuwa, ta zaga kowane lungu, sannan ta kai shi bayan ɗakinsu. Ruwa ya shiga garka sannu-sannu, dashe ya ɗaga kai.

Gari ya waye, kowa ya ga ruwa na wucewa ta ƙofar gidansa. Mata suka cika randuna. Yara suka yi wanka. Ba wanda ya doshi tafki.

Dodo ya jira akuya, shiru. Ya jira tunkiya, shiru. Sai ya gane. Ya tashi da fushi, ya curo laka kamar rumbu, ya ɗaga zai toshe bakin hanyar ruwan.

Sai ga Tabawa da akushi a kai. Ta tsaya, ta ce, "Toshe mana, Baba Dodo. Garka ce za ta fara bushewa." Ta ɗaga murfin kaɗan.

Dodo ya dubi lakar. Ya dubi akushin. Ya sake duban lakar. Ya jefar da ita can gefe, ya wanke hannu, ya zauna, ya ce, "Gobe ki ƙara lawashin."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa tukunya. In na zarce da gishiri, Gizo ne ya bugi hannuna. Ku dai ku kula da ɗan abin da kuka dasa da hannunku, kuma kada ku ji kunyar nuna shi.