Turken Ranau

Abin da zan faɗa ya daɗe. Kakana ya ji shi daga bakin kakansa, shi ma bai ce ya gani da idonsa ba.

A wancan zamani duk ƙasar nan daji ce. Daga bakin rafi har gindin duwatsun yamma babu gona ko ɗaya, sai giwa da ɓauna da kura. Wani maharbi ya shigo daga arewa, sunansa Ranau, don da tsakar rana aka haife shi. Ya zo da amininsa Cindo, mai yatsa shida a hannun dama. Ranau dogo ne, ba ya dariya. Cindo gajere ne, bakinsa ba ya hutawa.

A dajin akwai wata baƙar ɓauna mai ƙaho ɗaya. Ta kashe maharba tara. Ana cewa kibiya lanƙwashewa take yi a jikinta. Ranau ya gamu da ita sau biyu, sau biyu kuma ya gudu. Maroƙa ba sa faɗar wannan, amma haka aka yi.

A karo na uku ya sare reshen ƙirya, itacen da ya fi kowane tauri, ya feƙe turke, ya kafa shi a hanyar da take bi zuwa ruwa. Ya karɓi igiya a hannun Cindo, ya ɗaure ƙafarsa ta hagu da turken.

Ya ce, "Zuciyata tana tsayawa, ƙafata ce ba ta tsayawa. Yau na ɗaure ta. Kar ka kwance ni sai ɗayanmu ya faɗi, ni ko ita."

Cindo ya ce, "To Dogo. In kai ne ka faɗi, igiyar dai tawa ce, zan ɗauki abata." Ya hau tsamiya ya zauna.

Ɓauna ta zo. Ƙafar Ranau ta fizga, igiya ta riƙe ta. Da ya ga babu wurin zuwa, sai ya kafa gindin mashi a ƙasa ya jira. Mashin ya shiga ta maƙogwaronta. Ta faɗi, ƙahonta yana taɓa yatsun ƙafarsa. Cindo ya sauko ya kwance shi.

Mutane suka ji daji ya kwanta, suka fara zuwa. Aka sare itatuwa aka kewaye gari da su, aka yi ƙofa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Aka sa wa garin suna Kafin Ranau. Cikin shekara talatin ya zama babban gari. Akwai marina, akwai maƙera unguwa guda, rumbunan dawa sun fi ɗakunan kwana yawa. Fatake daga nesa suna kwana uku a kasuwarsa.

Abin da Ranau ya yi wa ɓauna ya zama al'adar mazan garin. Jarumansu sittin ne, biyu-biyu, kowa da amininsa. Ran yaƙi ɗaya ya kafa turke ya ɗaure ƙafa da igiyar fatar ɓauna, ɗaya ya tsaya a bayansa a sake. Dokar uku ce. Wanda ya ɗaure, amininsa kaɗai ke kwance shi. Mace ba ta taɓa igiyar. Wanda ya yanke tasa ko ya tumɓuke turke, an cire sunansa daga bakin maroƙa har abada, ba a sake yi masa kirari, ko yana raye ko ya mutu.

Yaƙi goma sha ɗaya suka yi a haka, ba a taɓa ture su ba. Ana yi wa Ranau kirari ana cewa:

"Ranau na Cindo, ƙirya gagara gatari!
Kafaffe, ba ka san hanyar baya ba!
Tsakar rana, wa ya isa ya dube ka!"

Cindo ma yana da nasa kirarin. An ce ya fi na Ranau tsawo, har mata suna daka da shi.

Akwai wani sarkin yaƙi a ƙetaren duwatsu, ana ce masa Dagazau. Sau biyu ya kawo wa Kafi hari, sau biyu ya koma da gawar 'yan'uwansa. Shi mutum ne mai zama ya yi tunani. Wata damina, dawa ta yi tsayi har tana ɓoye mai doki, ya aiko manzo. Manzon ya tsaya a kasuwa ya ɗaga murya.

"Dagazau yana gaishe ku. Ya ce jibi da hantsi yana ƙofar gabas. Ya ce kuma ya ji labari mazan Kafi talatin ne. Sauran talatin ɗin masu riƙe wa maza igiya ne."

Maganar ta shiga samarin garin kamar dafi. Masu kwancewa suka taru a ƙofar gidan Ranau suka ce su ma jibi sai sun ɗaure, duk sittin. Ranau a lokacin gemunsa ya yi fari fat. Ya dube su, ya ji daɗi, ya ce a yi haka.

Cindo ya ce, "Dogo, in kowa ya ɗaure, wa zai kwance wani?"

"In an gama yaƙi a ja jiki a kwance juna."

"Ka je ka duba itatuwan ƙofar yamma. Gara ta cinye su. Jiya na sa yatsa, ya shige har gindi."

Ranau ya ce, "Wanne daga cikin shidan?" Samari suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ƙara da cewa, "Shekara talatin babu wanda ya taɓa itacen garin nan. Kai dai ka tsufa a bayan mutane, Shida. In gaba tana ba ka tsoro, ka zauna da mata ka tsare musu tukwane."

Cindo ya juya. Ya tafi gida ya feƙe turke.

Ran da aka sa, tun da sassafe suka fita ƙofar gabas. Suka kafa turaku sittin a jere, kowane an buga shi kamu uku cikin ƙasa. Suka ba juna tazarar jifan mashi, don kowa yana so a ga nasa aikin daban. Suka ɗaure. Can bayan kurmi ana jin ganguna da ƙaho da haniniyar dawaki. Suka yi ta kirari suna jira.

Hantsi ya yi, babu wanda ya fito. Rana ta ɗaga, ganguna na nan inda suke. Makaɗa goma ne kawai a kurmin, da 'yan dawaki. Rundunar Dagazau tun asuba tana rarrafe cikin dawa ta yamma. Da suka isa itatuwan da gara ta ci, kafaɗa suka sa suka ture.

Cindo ne ya fara jin warin hayaƙi. Ya waiwaya. Rumbunan unguwar maƙera suna ci da wuta. Sai kururuwar mata ta iso.

Marka, 'yar Ranau, matar aure ce mai goyo. Ta fito ta ƙofar gabas a guje, da wuƙar yanka kuɓewa a hannunta. Ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, sun shigo ta yamma! Suna cikin gidanmu! Karɓi ka yanke!"

Ranau ya dubi wuƙar. Ya dubi hayaƙin. Ya ce, "Matsa. Kar ki taɓa."

"Baba, Inna tana ciki!"

"Na ji."

Cindo ya ja igiyarsa har ta kai ƙarshe, ya miƙa hannu. Tsakaninsa da Ranau da sauran taku ashirin. Ya zare wuƙarsa, ya sunkuya, ya yanke igiyar da sara ɗaya. Ya tako ya durƙusa a ƙafar Ranau, ya kai hannu ga ƙullin.

Ranau ya ɗora masa gindin mashi a ƙirji. "Hannun da ya yanke igiya ba ya kwance ni."

"Dogo, shekara talatin ina kwance ka."

"Wancan Cindo ne. Kai ban san sunanka ba."

Cindo ya miƙe. Ya ce, "To riƙe sunan, ba ni da lokacinsa." Ya juya ga jerin ya yi tsawa, "Wanda ke da uwa a garin nan ya biyo ni!"

Mutum bakwai suka yanke. Sauran suka sunkuyar da kai, suka tsaya inda suke, suna jin muryoyin da suka sani suna kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har muryoyin suka daina.

Su takwas ɗin suka tsare lungun rijiya, wanda ke fita bayan gari ta wajen rafi. Ta nan mata da yara da tsofaffi tamanin da 'yan kai suka tsira. Babu ko ɗaya cikin takwas ɗin da ya fito. An ce an tsinci Cindo jingine da bakin rijiyar, guntun igiya na nan a ƙafarsa.

Da la'asar Dagazau ya fito ta ƙofar gabas, ta bayan jaruman. Bai matsa kusa ba. Ya jera 'yan baka inda mashi ba ya kaiwa, suka harbe su a kan turakunsu kamar awaki. Ya hana a harbi Ranau.

Ranau ya yi kirarinsa da bakinsa, ya ce, "Dagazau, matso! Ni ne na ɓauna!"

Dagazau ya ce, "Na sani, tsoho. Ita ta zo maka. Ni ba zan zo ba." Ya juya dokinsa, aka kora bayi da shanu, suka wuce.

Da gari ya huce, Marka ta dawo da ruwa a ƙwarya. Ranau ya sha. Sannan ya ce, "Shida fa?"

"Ya mutu a bakin rijiya. Shi ya fitar da mu."

"To babu mai kwance ni."

Ta roƙe shi. Tsofaffin da suka tsira suka roƙe shi, suka ce doka ta mutu tare da garin. Ya ce in ya yanke yau, me zai ce wa waɗanda suka tsaya jiya saboda ya tsaya? Kwana huɗu yana nan, ruwan sama yana dukansa, yana fuskantar gabas inda babu kowa. Bai yarda ya waiwaya ya dubi garin ba. A rana ta biyar aka same shi a durƙushe, ya rungume turken. Aka haƙa rami a wurin aka sa shi da igiyarsa, don babu wanda ya isa ya kwance.

Marka ta ƙi barin wurin. Ta kafa bukka kusa da kabarin, sauran suka kafa nasu. Ƙauyenmu ke nan, Turke. Damina ta zagayo, busasshen turken nan ya yi toho, ya zama bishiyar ƙirya. Sauran turakun gara ta cinye.

Marka ta bar mana al'ada ɗaya. A Turke ba a yin ƙullin da zai gagari kwancewa. Akuya ko jaki ko bakin buhu, zarge muke yi, wanda ko ƙaramin yaro zai ja ya warware. Baƙi suna mana dariya, don dabbobinmu suna yawan kuɓucewa. Muna bin su mu kamo.

Inda Kafin Ranau yake, yanzu gonakin gero ne. In ana huɗa, garma takan tono bakin mashi ko gutsuren tukunya. Ramukan marina sun cike. Rijiyar ta rufta tun ina yaro. Ƙiryar ma ta tsufa, bara babban reshenta ya faɗi, bana rabinta bai yi ganye ba.

Kirarin Ranau baiti uku ya rage, su ne na faɗa muku. An ce da ya kai arba'in. Na Cindo kuwa, maroƙan da suka tsira sun bi doka, ba su sake buɗe baki da shi ba. Duk wanda ke ƙauyen nan, kakanninsa ta lungun rijiyar nan suka fito, har da ni. Na tambayi tsofaffi tun ina saurayi, na tambaya har ni ma na zama tsoho. Babu wanda ya san ko kalma ɗaya.