Dabinon Inna Rifkatu

An yi wani sarki a wata ƙasar Kirista mai yawan dabino, ana ce masa Sarki Nehemiya. Mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai, sai dai tsoron nasa yakan sauka a kan talakawa kafin ya iso kansa. Al'adar mutanen nan ita ce, ranar da aka yi wa mutum baftisma sai a binne ƙwallon dabino da sunansa a bayan majami'a, itacen ya girma tare da shi.

Wata Lahadi da kaka, mai wa'azi ya yi bayani cewa Ubangiji zai nemi 'ya'ya wurin kowane bawa, itacen da bai ba da komai ba kuwa gatari na jiransa. Sarki ya ji wannan da kunnensa, sauran wa'azin kuwa gyangyaɗi ya cinye. Yana komawa fada ya ba da umarni: duk dabinon da aka samu ba 'ya'ya a sare shi, a kori mai shi daga gari, kada hukuncin Allah ya haɗa da na kirki.

Wazirinsa, Filibus, ya ji kamar ya cire rawani ya buga da ƙasa. Shekara da shekaru yana bin sarkin nan yana kashe wutar da ya kunna, ga shi yau an kai ga karɓar aikin Ranar Sakamako daga hannun Mai shi. Ya yi magana da ladabi, ba a saurara ba. Ya aika a kira mai wa'azi, aka ce ciwon kai ya kama shi nan take.

Aka zaga gonar dabinon da ke bayan majami'a, aka iske itace guda ne tsaye ba ko tsinke, na Inna Rifkatu, tsohuwar ungozoma wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Fadawa suka shiga gyaɗa kai, wai ai magana ta fito fili. Tsohuwa ta zo da ƙunshin kayanta a ka, ba ta roƙi kowa ba, tambayarta kawai ko za a bar ta ta yi sallama da kabarin mijinta. Wannan tambaya ta ƙona zuciyar waziri.

Ya durƙusa ya nemi a jinkirta. Sarki ya ce, “Waziri, na ga ranka ya ɓaci. Nuna mini ɗa ɗaya tak na itacen nan kafin a ɗaga gatari, in ba haka ba ka raka ta bakin ƙofar gari da kanka.”

Waziri ya ja sarki zuwa gindin dabinon shi sarkin, wanda 'ya'ya suka yi wa nauyi, ya sa aka tsinko masa, ya jira har ya tauna ya yaba zaƙi. Sannan ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ɗan itacen Inna ne ka ci. Nata namiji ne, kuma shi kaɗai ne namiji a gonar nan. Kowace shekara furensa ake hawa a yanko, a ɗaura wa sauran don barbara, kowa a nan ya san haka, tsoro ne ya rufe musu baki. A sare shi yau, baɗi ka kori gari duka, kai ma ka bi su.”

Bai tsaya nan ba, don haushi ya riga ya buɗe masa baki. Ya ce duk wanda tsohuwar nan ta karɓi haihuwarsa, ko ta ciyar da shi ranar da babu, ya matso. Mutane suka yi ta matsowa har fadawan da suka gyaɗa kai ɗazu. Waziri ya dubi sarki, ya tuna masa cewa da mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, bayan Inna ne ya goya shi.

Sarki ya dubi ƙwallon dabinon da ke hannunsa. Can ya tafi ya sauke wa tsohuwa kaya da hannunsa, ya nemi gafararta, ya juyo ya tambaya da ƙaramar murya, “To ni, Waziri, ina nawa 'ya'yan?”

Waziri ya ce, “Ranka ya daɗe, a wajen da barci ya ɗauke ka, mai wa'azi ya ce akwai mai lambu da ya roƙar wa itacen nan marar 'ya'ya jinkiri wurin Ubangiji, don ya yi masa kaftu ya zuba taki. Kana cikin jinkirin nan. Kada ka ɓata shi wajen wasa wa wasu gatari.”

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri, ya damƙa masa gatarin, ya ce ya ɓoye shi inda ko shi sarki ba zai gani ba. Lalle adalcin mai mulki yana farawa ne ranar da ya tuna cewa shi ma dashe ne a gonar Wani.